Kada ka hau dutsen Montgenèvre a watan Janairu saboda gorin gida

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga birnin Torino na Italiya, ya ce takardar neman mafakarsa tana jiran hukuncin kwamitin da ke sauraron masu neman mafaka, kawunsa kuma ya matsa masa da cewa ɗan maƙwabcinsu da ke Faransa har ya gina wa mahaifiyarsa gida. Wani dillali ya yi masa alkawarin tsallakar da shi ta Claviere, ƙauyen Italiya da ke bakin iyaka, zuwa garin Briançon na Faransa cikin dare, ya ce tafiyar ba ta wuce ta awa uku.

Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka bi shi. Mashigar Montgenèvre, wadda ke tsakanin garuruwan biyu, tana bisa tsayin kusan mita 1,850, kuma da dare a wannan wata sanyi yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 10 ko fiye, abin da sanyin hunturun da ka sani a gida bai kama ƙafarsa ba. Awa ukun da dillalin ya ambata lissafin mai bin titi ne da rana. Kai kuwa, domin kauce wa 'yan sandan iyaka, waɗanda Faransa ta maido da bincikensu tun 2015, za a karkatar da kai cikin daji, inda dusar ƙanƙara ta binne alamun hanya. Samanta yakan daskare ya yi ɓawo, ka taka ya fashe, ƙafa ta nutse har gwiwa, takalmin kambas ya jiƙe, bayan ɗan lokaci kuma yatsun su daina ciwo. Daina ciwon nan shi ne haɗarin, domin alama ce ta cewa naman ya fara daskarewa. Batirin waya ma sanyi yakan cinye shi da wuri, taswirar da kake taƙama da ita ta mutu a hannunka. A Fabrairun 2019 an tsinci wani ɗan Togo a gefen titin da ke gangarawa Briançon, sanyi ya yi ajalinsa.

Dillalan nan na san aikinsu. Sukan karɓi kuɗi tun a tashar jirgin ƙasa, su raka mutum bakin daji, su nuna masa wata fitila can nesa su ce Faransa ke nan, sannan su juya. Na ga wanda aka yanke wa yatsun ƙafa bayan irin wannan rakiya, bai kuma sake jin ɗuriyar wanda ya karɓi kuɗinsa ba.

Ko da ka isa lafiya, me ka samu? Zanen yatsunka yana cikin Eurodac, rumbun Tarayyar Turai na zanen yatsun masu neman mafaka, kuma bisa ƙa'ida Italiya ce ke da alhakin shari'arka, don haka ana iya mayar da kai. Kafin nan ka rasa gurbinka a sansani, idan kuma kwamiti ya kira ka ba ka nan, shari'ar tana iya tsayawa. A Italiya doka ta ba mai neman mafaka damar yin aiki bayan kwana 60 da shigar da buƙatarsa, a Faransa kuwa ba ka da takardar izinin aiki.

Game da kawu, girmansa yana nan, amma a wannan magana bai yi maka adalci ba. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba bai kamata ya tura ɗan wani cikinta don gasar gini ba, kuma ba shi zai yi jinyarka ba idan ka nakasa. Ka kira mahaifiyarka kai tsaye, ka bayyana mata halin takardunka ba tare da ƙawata komai ba, ka yanke abin da za ka iya aikawa duk wata ko da kaɗan ne, ka tsaya a kai. Sannan ka kai fayil ɗinka wurin lauyan sansaninku, ka nemi ya bincika maka ranar da za a saurare ka.