Filin Tambaya da Amsa: Mece ce Ma'anar Telegraph?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Nakan ga kalmar telegraph a sunan jaridu, ga kuma manhajar Telegram a wayata. Shin abu ɗaya ne, kuma me ake ce mata da Hausa? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, asalinsu ɗaya, amma ma'anarsu ta bambanta. Kalmar telegraph daga harshen Girkanci aka haɗa ta, wato "tele", nesa, da "graphein", rubutawa, ke nan rubutu daga nesa. Hausawa suka gyara ta daidai bakinsu suka ce tangaraho.

Na'ura ce ta aika saƙo ta cikin wayar ƙarfe da wutar lantarki, ba da murya ba. A da, ma'aikaci yakan zauna gaban wani ɗan maɓalli yana bugawa, gajeren bugu da dogo, kowane harafi da irin nasa, abokin aikinsa a wani gari yana saurare yana mayar da su rubutu. Samuel Morse na Amurka, wanda wannan tsari yake ɗauke da sunansa, ya aika sanannen saƙonsa daga Washinton zuwa Baltimo a 1844, a 1866 kuma aka shimfiɗa waya mai ɗorewa a ƙarƙashin Tekun Atilantika. Saƙon da ke fitowa a takarda shi ne telegram, daga nan ne manhajarka, wadda ta fito a 2013, ta aro suna, kamar yadda jaridar Daily Telegraph ta Landan ta aro nata tun 1855 domin nuna saurin kawo labari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sawun da tangaraho ya bari a Hausa. Gidan waya bai sami sunansa don wasiƙa ba, sai don a da a nan ake aika irin wannan saƙo, kuma a ganina "buga waya" daga bugun wancan maɓalli ya samo tushe, tun kafin tarho ya gaje kalmar. Da yake a wancan zamani kalma-kalma ake biya, mutumin Kano da ɗan'uwansa yake aikin kuza a Bukuru ba ya tsayawa doguwar gaisuwa, duk da nauyin hakan a wurin Bahaushe, sai ya ce a rubuta, "Baba ba lafiya, zo maza." Shi ya sa ganin ɗan aike riƙe da takardar yakan sa gaban mutum ya faɗi.

Idan za ka rubuta, ce tangaraho ga na'urar, saƙon tangaraho ga takardar, sunan jarida da na manhaja kuwa ka bar su yadda masu su suka rubuta.