Tambaya da Amsa: Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Dole, nan Damagaram. Na sha cin karo da lambar 2,147,483,647 a cikin manhajoji, wani abokina ɗalibi kuma ya ce mini babu lambar da take raba ta daidai. Shin gaskiya ne, kuma yaya aka yi aka sani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, domin ban da 1 da ita kanta, duk lambar da ka raba ta da ita sai an bar saura, kamar goro bakwai da ba su rabuwa daidai tsakanin mutum biyu ko uku ko biyar. Irin waɗannan su ake kira lambobi marasa rabuwa.

Gwajin farko ko a bakin rumfarka za ka iya yin sa. Ƙarshenta 7 ne, ke nan mara ce ba cika ba, kuma 5 ba ta shiga cikinta. Idan ka tara alƙalumanta goma za ka samu 46, wadda 3 ba ta rabawa, don haka 3 ba ta raba uwar ma. Sai dai wannan somin taɓi ne, domin mai son ya tabbatar da hannu sai ya gwada lambobi marasa rabuwa har zuwa 46,340. Daga nan ya huta, saboda duk mai rabawar da ta haura haka dole tana da abokiyar ninki a ƙasa, wadda da tuni an kama ta.

Asalin lambar shi ne abin sha'awa. Ka ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ruɓanya ta, ka sake ruɓanya abin da ka samu, har sau 31, sannan ka ɗebe ƙwaya ɗaya: abin da ya rage shi ne lambarka. Ana danganta irin wannan zubi ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Kada ka ɗauka duk lamba mai wannan zubi ba ta rabuwa, domin ruɓanyawa sau 11 a ɗebe ɗaya tana ba da 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Amma duba da kyau: 23 da 89 kowace tana barin saura 1 idan aka raba ta da 22, wato ninkin 11. Wannan ƙa'ida ce ta rage wa masanin lissafi Leonhard Euler wahala, domin duk mai raba lambarka dole ta bar saura 1 idan aka raba ta da 62, wato ninkin 31. Da ya tace waɗanda suka cancanci gwaji ya ga babu wadda ta shiga, sai ya bayyana sakamakon a 1772, ba tare da wata na'ura ba, abin da har yau nake jinjina masa a kai.

Dalilin da ya sa kake ganin ta a sana'arka kuwa, manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurabe 32, kowane gurbi ko 0 ko 1. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa, sauran 31 idan duk suka cika da 1 sai su ba da 2,147,483,647. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi ta wannan hanya tun daga 1 ga Janairu 1970 za su kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038.