Bangaskiya ce ke ceto, ko ayyuka?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tun da Bulus ya ce ceto ta wurin bangaskiya ne, ba ta ayyuka ba (Afisawa 2:8-9), me ya sa Yaƙub, a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari, ya ce bangaskiya marar ayyuka matacciya ce?

A ganina ba su saɓa wa juna ba. Ka ƙarasa zuwa aya ta 10, Bulus da kansa ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Abin da ya ƙi shi ne mutum ya zaci aikinsa zai saya masa ceto. Yaƙub kuwa yana tsawata wa wanda ya ga ɗan'uwansa ba sutura, ba abinci, ya ce masa "sauka lafiya", bai ba shi ko loma ba. Dubi kuma ɓarawon nan da ke rataye a gicciye kusa da Yesu, wane aiki ya rage masa? Amma Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Wannan batu ne ya raba Martin Luther, malamin addinin Kirista ɗan Jamus, da cocin Katolika na Roma a ƙarni na 16. A 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da 'yan Lutheran, mabiyan koyarwar Luther, suka sa hannu a yarjejeniya cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓarmu, Ruhu Mai Tsarki kuma ke kiranmu ga ayyuka nagari. Zancen lada dai har yanzu kowane ɓangare da yadda yake bayyana shi.