In buga littafina a takarda ko in sake shi a waya?

'Yar'uwa, kin ce kin kammala littafinki na farko, kina tambaya ko ki kai shi maɗaba'a ko ki sake shi a intanet. Ni dai shawarata, fara da waya.

A shekarun 1990 marubuci a Kano shi ke biyan kuɗin bugu, ya kai wa dillalai a kasuwa, ya zauna jiran ciniki. Yanzu takarda ta yi tsada, masu karatu kuma sun koma WhatsApp da Wattpad, manhajar karanta labarai. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki, a saka shi a rukunin waɗanda suka biya. Babu dillali, babu kwantai.

Sai dai akwai ɓarayin zaune. Mutum ɗaya zai biya, kafin gari ya waye littafin ya zagaye rukuni goma, wani ma ya karanta shi a YouTube yana cin kuɗin talla ba da izininki ba. Kada kuma ki dogara da manhaja ɗaya: OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai, ta rufe a 2023, don haka ki adana kwafinki a wurinki.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin tacewa. Ki samu wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba miki kafin ki saki. In littafin ya karɓu, sai ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki buga kwafi kaɗan.