Kwanon won 8,000 da kwanon won 16,000

Ɗana, jiya muna cikin wanke injin matsa taliya ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai na zauna, don ba amsar tsaye ba ce. Ka ce ranar hutunka ka hau jirgin ƙasa ka je Seoul, ka yi layi kusan awa guda a ƙofar wani tsohon gidan nengmyon, wato taliyar sanyi ta Koriya, ka biya won 16,000 na kuɗin ƙasar nan, aka kawo maka romo garau kamar ruwan rijiya, ka kurɓa ka ji shi salam. Mu kuma nan Busan muna ba da kwano a won 8,000, ga yaji ga ɗanɗano. Shi ne kake son ka ji ko su ne ke cutar mutane, ko kuwa mu ne muke rage wani abu a ɓoye, tunda an ce arha ba ta ado.

Ba su cuce ka ba, mu ma ba mu cuci kowa ba. Sanyi ne kawai ya haɗa kwanukan nan biyu, amma tun daga gari hanyarsu ta rabu.

Abin da ka ci a Seoul nengmyon ne irin na Pyongyang, kuma da garin memil ake yin taliyarsa. Memil wata 'yar tsaba ce mai kusurwa uku, ana nomanta a Jeju da Gangwon, wanda bai isa ba a shigo da shi daga China. Garinta ba shi da danƙo ko kaɗan. Idan ka kwaɓa ka ajiye, kafin ka juya ya fara sakin jiki, ƙamshinsa kuma tun daga wajen niƙa yake fara gudu. Shi ya sa manyan gidajen nan da yawa suke niƙa nasu da kansu, suna kwaɓawa kaɗan-kaɗan gwargwadon masu shigowa. Wannan aikin mutum guda ne cur, ba ya yin komai sai shi, kuma albashinsa a cikin kwanonka yake. Romon nasu kuwa tsoka ake dafawa, ƙirjin sa da naman ƙwauri, wasu ma na shanun Koriya da ake kira hanu, waɗanda ka san tsadarsu. Wasu su sirka da ruwan dongchimi, wato ruwan tsamin farin tushen nan da ake kira "mu" da Koriyanci. Garau ɗin da ka raina, shi suka sha wuya suka samo. Masu cinsa sukan ce sai ka ci sau uku kafin bakinka ya gane shi, ni dai sai da na kai na biyar. Ka ɗora kuɗin hayar tsakiyar Seoul a kai, ka ɗora suna. Tun ranar 27 ga Afrilun 2018 da shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong Un ya sa aka kawo nengmyon na gidan abincin Okryugwan da ke Pyongyang wajen ganawarsa da shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Moon Jae-in, a Panmunjom da ke kan iyaka, layin ƙofar irin waɗannan gidaje ya ƙara tsawo. Mai layi a ƙofarsa ba ya rage kuɗi.

Namu sunansa milmyon, kuma shi da ma a cikin talauci aka haife shi. Tsohuwar da ta koya mini aikin nan, Allah ya sa na riƙe abin da ta ba ni, iyayenta na cikin mutanen da aka kwaso ta jirgin ruwa daga Hungnam da ke arewa a watan Disambar 1950, ana tsakiyar yaƙin Koriya. Sun sauka kudu ba su da ko kwano. Idan ka je unguwar Uam-dong ta nan Busan har yau za ka ga gidajen da asalinsu garken shanu ne tun zamanin mulkin Japan, 'yan gudun hijira suka yanyanka su suka mai da su ɗakunan kwana. Mutanen nan sun taso da taliyar sanyi a garuruwansu, na Pyongyang da memil, na wajen Hamhung da sitacin dankalin Turawa, amma a Busan babu wannan babu wancan, in ma an samu ba su da kuɗinsa. Abin da ke akwai shi ne garin alkama na tallafi da Amurka ke jibgewa a tashar jiragen ruwa. Sai suka haɗa shi da sitacin dankali suka matsa. Mil na nufin alkama, myon kuma taliya. Arhar kwanonmu ba rangwame ba ne muka yi wa na Pyongyang. Abinci ne da aka ƙago shi don lebura ya ci ya ƙoshi ya koma bakin aiki.

Yanzu bari mu shiga kicin ɗinmu mu yi lissafi. Kwaɓinmu kashi bakwai alkama ne, kashi uku sitaci, da ɗan gishiri. Alkama na da danƙo, hutu ma ƙara mata kyau yake yi, don haka da safe muke kwaɓa na yini guda mu rufe mu sa a firij. Ka ga mun tsira daga albashin mutum guda. Romonmu na ƙashi ne, ƙasusuwan shanun Ostareliya, da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan kirfa da saiwar zaƙi da suke kira gamcho. Ƙashi ya fi tsoka arha nesa ba kusa ba, illarsa kawai cin lokaci, shi kuwa lokaci muna da shi, tunda tukunya ba ta neman albashi. Mukan dafa shi ya yi kauri, mu sa ruwan waken suya, mu adana, kullum mu ɗibi na ranar mu sirka.

Amma babbar arhar ba a tukunya take ba, a allon da ke jikin bango take. Ɗaga kai ka karanta: milmyon na romo, milmyon na yaji, sai mandu, ɗan kwaɓin nan mai nama a ciki. Shi ke nan. Maƙwabcinmu na ƙetaren titi abinci kusan arba'in ne a allonsa, firij huɗu gare shi, kuma kowane dare sai ya zubar da kayan da ba a nema ba. Mu me muke zubarwa? Kokwamba, farin tushen "mu", ƙwai, gari, ƙashi, barkono: duk abin da ya shigo da safe ya fita kafin dare. Abin haɗawa ɗaya muke bayarwa, siraran yankan farin tushen "mu" mai tsami, ba faranti bakwai ba. Ruwan sha da romo mai zafi suna cikin buta, kowa ya tashi ya zuba wa kansa. Ba mu da gawayi a tebur, babu wanda zai zauna awa biyu yana gasa nama yana hira. Taliyar sanyi ba ta jira, mai ci ma ya san haka, minti goma sha biyar ya tashi. Kujerunmu talatin ne, amma a watan Agusta tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa ƙarfe biyu kowace kujera takan ga mutum biyar ko shida. Ribar kwano ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, yawan kwanukan ne ke biyan haya. Kuma abin da muka tara da zafi shi muke ci da sanyin hunturu, lokacin da za ka ga mun wuni muna kallon ƙofa. Abin dariya, asalin nengmyon abincin hunturu ne, ana zaune a ɗaki mai ɗumin ƙasa ana ci ana karkarwa. Zuwan ƙanƙara da firij ne ya mai da shi na bazara.

To, inda nake so ka buɗe kunne shi ne wuraren da ba a rage komai ko da za a rufe shago.

Na farko wanki. Ka saba da taliya 'yar murji ta gida, wadda ake murzawa a shanya a igiya ta bushe. Wannan ba ta ganin rana. Inji na saman tukunya, ka danna, zaren ya faɗa kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, ka warware shi da sanda, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ka kwashe da kwando. Daga nan ne aikin yake. Ruwan farko na kashe zafi ne. A na biyu za ka zuba hannu biyu ka cuɗa ta kamar kana wanke rigar makaranta, har ka ji santsin nan na sitaci ya bar yatsunka. Na uku ruwan ƙanƙara ne, shi ke sa ta ɗaure ta yi tauri a haƙori. Na lura da kai shekaranjiya da rana ta yi tsaka, hannunka ya yi ja, ka tsoma ta a na ukun ka fizge kamar wanda ya taɓa wuta. Na san zafin, ƙanƙara cizo take yi har cikin ƙashi, ni ma na yi shekara guda ina kwana da hannu a hammata. Amma kwanon nan da ka fitar, mutumin ya bar rabi. Sannan matsewa: ka naɗe ta a yatsu, ka damƙa a tafin hannu har ruwa ya daina ɗiga, ka ajiye ta tsakiyar kwano a dunƙule. Ruwan da ka bari a cikin dunƙulen nan shi zai sauka ya kashe romon da muka yi kwana biyu muna dafawa.

Na biyu maiƙo da gishiri. Abin da romo mai zafi ke yafe maka, mai sanyi ba ya yafewa. Kitsen da ba ka kwashe ba zai daskare ya yi fari-fari a sama, ya manne wa mutum a ganɗa. Shi ya sa muke jiƙa ƙashi ya zubar da jini, mu tafasa mu zubar da ruwan farko, mu tsaya da ludayi muna kwashe kumfa, in ya huce mu ɗauke kitsen kamar faifai, mu tace da ƙyalle. Kuma kada ka taɓa ɗanɗana gishiri romo na da zafi. Sanyi na dushe harshe, abin da ka ji daidai a kan wuta zai fito lami a kwano. Zuba kaɗan a ƙaramin kwanon silba, ɗora shi a kan ƙanƙara, sannan ka kurɓa.

Na uku shi ne wanda ke kashe mutum. Abincinmu ba ya komawa wuta bayan an gama shi, duk abin da ya faɗa ciki sai cikin mai saye. A 2022 a Gimhae, nan kusa da mu, mutane da dama sun kwanta bayan cin nengmyon a wani shago, ɗaya ya rasu, kuma a soyayyen ƙwan da ake yankawa a ɗora a sama aka gano ƙwayar salmonela. Shi ya sa nake yi maka tsawa in ka fasa ɗanyen ƙwai ka nufi kokwamba ba ka wanke hannu ba. Ni kaina a shekarata ta biyu, wani daren Yuli na gaji, na kashe wuta na bar tukunyar romo a kan murhu da nufin ta huce da kanta zuwa safe, maimakon in rarraba ta a ƙananan mazubai in dasa cikin ƙanƙara. Da asuba tsohuwa ta zo ta ɗora bayan hannunta a jikin tukunyar, ta ji ɗumi. Ba ta ɗanɗana ba, ba ta ce mini uffan ba. Ta sa na kama kunne ɗaya ta kama ɗaya, muka tuntsurar da ita a magudana, na tsaya ina kallon kwana biyu na aiki yana gangarawa. Sannan ta rubuta takarda ta manna a ƙofa cewa yau babu ciniki, a tsakiyar lokacin da ake samun kuɗin shekara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai masu arhar da ta fi tamu, ka gan su, kuma ga yadda suke yi. Taliyar kamfani ce a daskare, romon ma na leda ne, a yanka a juye a injin da ke mai da shi ƙanƙara mai laushi, a ƙara sukari da binega. Sanyin ya kashe harshe, zaƙi da tsami su rufe sauran. Ban ce haramun suke ci ba, muddin ba su rubuta a ƙofa cewa su suka dafa ba. Ɗalibi mai won 5,000 a aljihu shi ma yana da haƙƙin shan sanyi a Agusta. In kana son ka gane su, kada ka taɓa kwalbar binega da mastad tukuna. Kurɓi romon yadda ya zo, ka ci rabi, ka jira ƙanƙarar ta narke ka sake kurɓa. Na ƙashi yana nan da nauyinsa, na leda kuwa ya koma ruwan sukari. Ka kuma leƙa kicin ko za ka ga inji a saman tukunya. Wani abu da ya shafe ni da kai: gidajen milmyon da yawa da ƙashin alade suke romo, yankan naman da ke sama ma sau da yawa nasa ne, har wasu gidajen Pyongyang kan haɗa shi da na sa. Ka tambaya kafin ka zauna, kalmar ita ce dweji.

In ka sake komawa Seoul, kada ka bari a sa wa ta memil almakashi, da leɓe ma tsinkewa take yi, almakashi na mai sitaci ne irin ta Hamhung. Ruwan ɗumin da za su fara kawo maka a kofi kuma ba shayi ba ne, ruwan da aka dafa taliyar ne, ka sha ka ji ƙamshin garin kafin kwano ya iso.

Gobe ƙasusuwa za su zo ƙarfe biyar na asuba. Ka riga su isowa, ka cika babbar roba da ruwan sanyi, ka fito da ƙyallen tacewa guda biyu da na shanya a baya. Wannan karon kai za ka riƙe ludayin, ni ina gefe.