Cairns zuwa Darwin a Janairu? Dakata tukuna

Ɗan'uwa, ka ce za ku tashi a mota daga birnin Cairns zuwa birnin Darwin a Janairu, kuna kwana a tanti. Kar ka kuskura. Lokacin damina ce a arewacin Ostareliya, ambaliya takan datse hanyar Savannah Way, wadda ta tashi daga Cairns ta nufi yamma. Bari sai Yuni ko Yuli.

Ka cika jarkoki da ruwa da mai, gidajen mai suna da tazara sosai. Magariba na yi ka faka, dabbobin nan kangaru sukan faɗo kan titi.

Abin tsoron dai kada ne. A kafa tanti aƙalla mita 50 daga bakin ruwa, kar a gyara kifi a gaɓa. Ni fa a can ko alwala da ruwan jarka nake yi.