Kwamfutata ta yi nauyi: wace manhajar share rajista zan saya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a Garwa. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta hannu ce, shekararta huɗu a wurina, Windows 10 ce a kanta, RAM ɗinta gigabait 4. Batirin ya daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take. Tun da zafin bana ya shigo ta yi nauyi ƙwarai. Sai in kunna ta, in share shago, in dawo ba ta gama tashi ba. Wani lokaci mai takarda yana tsaye a kaina ina jiran Word ta buɗe, har kunya nake ji. Makon jiya wani saƙo ya fito a allo da Faransanci, wai an gano kurakurai fiye da 1,000 a cikin rajista, in biya kuɗi a gyara. Ƙanena kuma ya ce in bar wannan in saka CCleaner. Malam, wace manhajar share rajista ce ta fi, kuma ta kuɗi ta fi ta kyauta?

Wata mai karatu, Garwa

Amsa

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kada ki biya ko sisi a kan saƙon nan. Da shi zan fara, domin shi ne mai gaggawa. Shafin intanet ba shi da hanyar leƙa rajistar kwamfutarki, balle ya ƙirga mata kurakurai. Adadin da kika gani an tanade shi ne don ya tsorata duk wanda ya buɗe, ko da jiya aka ciro kwamfutarsa daga kwali. Irin wannan saƙo yakan zo ta hanya biyu. Ko dai an taɓa danna "Autoriser" a wani shafi, ya samu izinin turo sanarwa ta Chrome, ko kuma wata manhajar talla ta biyo bayan wani abin da aka sauke. Ki shiga saitin Chrome, wajen sanarwa, ki cire duk shafin da ba ki sani ba. Sannan ki duba jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, ki jera su bisa ranar da aka saka su, ki cire baƙuwar da ta shigo kwanan nan. Lambar katin banki ko ta Orange Money ko MTN kada ta shiga wannan taga ko kusa.

To, sai maganar rajistar kanta. Wani kundi ne da Windows ke rubuta saituttukanta a ciki: wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, wace firinta ke haɗe, wane hoto ne a fuskar allo, me zai tashi idan an kunna kwamfuta. Ta fara bayyana a Windows 3.1 a 1992, ta bunƙasa a Windows 95, har yau kuma ana tafe da ita. Gaskiya ne idan aka cire manhaja takan bar wasu 'yan layuka a ciki waɗanda ba su da sauran amfani. Waɗannan ne masu share rajista ke kira kurakurai. Amma ki ɗauki misalin littafin babban dillali a kasuwar shanu. Akwai sunayen mutanen da suka daina ciniki da shi tun shekaru, suna nan a rubuce. Idan yana neman sunan wanda ke gabansa, kai tsaye yake buɗe shafinsa, ba ya bin littafin layi-layi daga farko. Goge tsofaffin sunayen ba zai sa shanu su yi saurin fita ba. Haka Windows take yi da rajista. Layukan da ke cikinta sun kai dubun dubata, kowanne ɗan mitsitsi ne, kuma an tsara su yadda ake zuwa kan abin da ake nema kai tsaye. Cire ɗari biyar ko dubu daga ciki ba abin da za ki ji a hannunki ba ne.

Abin da zai iya faruwa kuwa shi ne a goge layin da ake bukata. Manhajar sharewa hasashe take yi, ba ta san komai a kan shagonki ba. Na taɓa karɓar kwamfutar wani bawan Allah da ya yi irin wannan shara da dare, da safe firinta ta ƙi amsawa, takardun Word kuma suka daina buɗewa idan an danna su. Yini guda muka yi muna mayar da abin da minti biyu suka ɓata, shi kuma aikin mutane na jibge a shagonsa. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Shi kansa kamfanin Microsoft ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, kuma ba ya ba da tabbacin cewa ɓarnar da suka yi za ta gyaru ba tare da an sake ɗora Windows ba. Mai abu ne da kansa ya faɗi haka.

CCleaner da ƙanenki ya ambata sananniya ce, ba ta cikin sahun 'yan damfara irin mai saƙon can. Tana share tarkacen fayilolin wucin gadi, wannan kuma yana da ɗan amfani idan faifai ya cika. Sai dai Windows tana da nata abin da ke yin wannan aiki kyauta, a kwamfutocinmu masu Faransanci sunansa "Nettoyage de disque". Kuma ko sananniyar manhaja tana da nata haɗari. A Satumban 2017 aka gano cewa ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner sigar 5.33, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyar da suka amince da ita. An gyara wannan tuni. Na kawo shi ne don ki san duk manhajar da kika ƙara wa kwamfuta wata ƙofa ce kika buɗe, don haka sai da dalili. Idan duk da haka ƙanenki ya nace, to a sauke ta daga shafin kamfanin kawai, ban da wadda ake yawo da ita a filashi wai an fasa mata kulle. A yi "point de restauration", wato a sa Windows ta adana yadda saitunanta suke don a iya komawa gare su idan an yi ɓarna, kafin a taɓa komai, idan ta tambaya ko a adana kwafin rajista a ce mata e, kuma a hana ta tashi tare da Windows. Ta kuɗi ba za ta ƙara miki saurin da ta kyauta ta kasa ba.

Ni a ganina ana barin jaki ne ana dukan taiki. Wasiƙarki da kanta ta nuna inda ciwon yake, kuma za ki iya gani da idonki cikin minti biyar. Lokacin da kwamfutar ke cikin nauyinta, ki danna Ctrl da Maj da Échap a tare. "Gestionnaire des tâches" zai buɗe. Ki shiga "Performances", za ki ga Processeur (furosesa, mai sarrafa aiki) da Mémoire (wato RAM, inda ake riƙe abin da ke buɗe) da Disque (faifan ajiya), kowanne da kason aikin da yake yi cikin ɗari. Wanda ya cika ya tsaya a sama, shi ne ya riƙe sauran.

Zato na mafi ƙarfi a kan Disque yake. Yawancin laftof na hannu da ke shigo mana suna zuwa da tsohon faifai mai juyawa, wanda za ki ga an rubuta HDD a gefensa. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu mai kai-komo yana neman bayanai kamar allurar garmaho. Windows 10 tana yawan karatu da rubutu ƙanana-ƙanana a lokaci guda, sai ɗan hannun nan ya rasa inda zai fara, ki ga Disque ya tsaya a 100 cikin 100 alhali ba ki buɗe komai ba. Ga kuma batun batirinki. Mu nan arewacin Kamaru wutarmu ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo, kuma kin san yadda ake yawan ɗaukewa idan ruwa ya ja baya da rani. Duk lokacin da laftof ta mutu farat ɗaya tana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa, faifan ma yana jigata. Shekaru ana haka, ba mamaki ya fara gajiya. Akwai manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, mai karanta rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa. Idan ta nuna shuɗi, da sauransa. Idan ta nuna rawaya ko ja, ko kina jin wani ƙas-ƙas daga cikin laftof ɗin, to ki ajiye komai ki kwashe takardunki a ranar.

Maganin wannan shi ne faifan SSD. Ba abin da ke juyawa a cikinsa. Mai haɗin SATA, wanda ke shiga gurbin tsohon daidai, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, inda tsohon ke fama da wajen 100, kuma wajen nemo ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. A aikina ban ga gyara ɗaya da ke sauya tsohuwar laftof kamar wannan ba. Kwamfutar da ake share shago kafin ta tashi sai ta koma tashi kafin ki gyara zama. Mai gigabait 240 ko 256 ya ishi aikin buga takardu. Kuɗin da mai saƙon can ke nema, da na sabunta lasisinsa kowace shekara, gara ki tara su nan. Tsohon faifan kuma, idan lafiyarsa ƙalau, a saka shi a ɗan akwatinsa na USB ya zama wurin ajiya.

Idan Mémoire ce ta haura 85 ko 90 cikin 100, gigabait 4 ɗin ne suka yi kaɗan. Chrome da shafuka goma a buɗe, ga Word, ga WhatsApp na kwamfuta, sun cinye su. Idan akwai gurbi a laftof ɗin a ƙara ta kai 8. Mai gyara ya duba ko RAM ɗin irin DDR3 ce ko DDR4 kafin a saya, domin ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.

Kin ce da shigowar zafi abin ya tsananta, kuma wannan magana ba ta wuce ni ba. Watannin hunturu ƙura ta yi ta shiga ta ramukan iska tana taruwa a bakin fanka, har ta zama kamar auduga. Sai Maris da Afrilu su zo, Garwa ta haura digiri 40. Furosesa idan ta yi zafi da yawa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, ke kuma sai ki ga nauyi. Alamarsa fanka na kuka ba tsayawa, ƙasan laftof ɗin na ƙuna, kuma da safe ta fi sauri a kan bayan azahar. A buɗe ta a fitar da ƙurar, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda bayan shekaru yakan bushe ya zama kamar alli. Aikin awa ɗaya ne wajen wanda ya iya. Kada a ɗora ta kan zane ko darduma, a ɗan ɗaga bayanta iska ta samu hanya. A ƙasarmu ya kamata a yi wannan shara duk shekara da zarar hunturu ya wuce.

Shago irin naki yana da wata matsalar da ta gida ba ta da ita: filashin mutane. Ɗalibi ya kawo, ma'aikaci ya kawo, kowanne ya bi ta kwamfutoci goma kafin ya iso gare ki. Kin san bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar "raccourci", wato 'yar alamar da ake dannawa, a madadinsu. Irinsa yakan rubuta sunansa a rajista, a sashen da ke tayar da manhajoji idan an kunna kwamfuta. Nan ne kaɗai zan yarda rajista na da hannu a nauyin kwamfutarki, amma ko a nan mai shara ba zai cire shi ba, domin a wurinsa layin lafiyayye ne tunda fayil ɗin da yake nunawa yana nan. Aikin maganin bairos ne. Microsoft Defender da ke cikin Windows 10 ya isa, in dai ana sabunta shi. Ki sa shi ya yi cikakken bincike da dare. Idan akwai wani maganin bairos na biyu da lasisinsa ya ƙare yana zaune yana cin RAM, a cire shi. Daga nan ki koma Gestionnaire des tâches, ki shiga "Démarrage", ki kashe duk abin da ba ki bukata da safe. Wannan ba ya goge komai, kuma ana iya mayarwa da danni ɗaya.

Saboda yawan mutuwar da take yi, mai gyaran ya gudanar da sfc /scannow da chkdsk, umarni biyu na cikin Windows masu duba fayilolinta da faifai. Ki kuma tambaye shi ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11, domin tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda aka saba. Da yawa daga cikin tsofaffin ba sa cika sharuɗɗan, kuma ba dole ba ne a yi shi rana ɗaya da sauran gyaran.

Kafin ki miƙa ta ga kowa, Malama, ki kwafe takardun mutane zuwa wani faifai na waje ko filashi sabo wanda ba ya shiga hannun kowa. A cikin laftof ɗin nan akwai kundin kammala karatun wani, akwai takardar neman aikin wani, amana ce a wuyanki, kuma wajen gyara ne aka fi rasa irinsu. Ki buɗe biyu ko uku daga cikin kwafin ki tabbatar suna buɗewa. Batiri kuma ki sa shi a lissafin wannan watan tare da SSD, ko da wanda zai riƙe minti 20 ne, ya ishe ki adana aiki ki kashe ta da hannunki idan an ɗauke wuta.